Rasuwar Wayar Inna Kulu a Magudanar Fadamar Wurno

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta fi baƙin cikin yawa a cikinta, ni Zulkifilu Yusufu, autan gidan marigayi Malam Yusufu mai albasa na garin Wurno, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Wurno da Rabah da Goronyo rasuwar wayar mahaifiyarmu, Inna Kulu. Ƙaramar waya ce baƙa mai madannai, wadda unguwarmu ta sani da sunan 'Yar Tocila. Ta rasu ranar Larabar makon jiya, tsakanin azahar da la'asar, a cikin magudanar ruwan da ta ratsa fadamar Wurno, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, mu da abin da ke hannunmu.

An saba a sanarwa irin wannan a ce "bayan gajeriyar rashin lafiya" a wuce. Haka na rubuta da farko, sai na goge. Marigayiya ba ta taɓa ciwo ba sai wanda na sa mata, kuma tun da alƙalamin a hannuna yake, ban ga hanyar da zan bi in kauce wa sunan mai laifin ba.

Marigayiya ta shigo gidanmu a aljihun Baba, shekarar da albasa ta yi kyau har rudun ajiyarta ya kasa ɗauka. A kasuwar Achida ya saye ta tare da layinta. Shekara uku ta yi masa hidima ba tare da ƙorafi ba. Ita ke haɗa shi da dillalai. Ita ta kawo muryar Kawu Isma'ila daga Goronyo ranar da aka buɗe ƙofofin madatsa, har aka samu aka kwashe injin ban-ruwa daga bakin gulbi kafin ruwa ya iso. Caji ɗaya yakan kai ta kwana shida. Ta taɓa faɗawa cikin buhun albasa aka ɗinke da ita, ta yi tafiya har Rabah a bayan mota, ta yi ta kira daga cikin buhu sai da aka farke shi, ta dawo gida lafiya, ba abin da ya same ta sai warin da bai sake ta ba har ta koma ga Mahaliccin ƙarfe. Marfin bayanta ya tsage tun shekara ta huɗu, aka ɗaure shi da roba, ba ta taɓa nuna ta damu ba.

Murya uku gare ta, kuma duk wanda ya zauna gidanmu ya san su. Idan kira ne, sai ta ce tirrin-tirrin, tirrin-tirrin, da ƙarfin da ya fi jikinta. Idan saƙo ne, tit-tit, sau biyu kawai, kamar mai sallama a gidan surukai. Idan yunwa ta kama ta, sai ta yi wani dogon tuuun mai sauka ƙasa, sau ɗaya, ta yi shiru. Ba ta maimaita roƙo.

Ranar da zan tafi jami'a a Sakkwato karatun ilimin noma, Baba ya ciro ta ya sa mini a hannu.

"Riƙe ta, Auta," in ji shi. "Ba ta da kyau, amma inda dut ka shiga tana hwaɗa muna kana lahiya."

Da lambarta na buɗe akwatin imel ɗina a shekarar farko. Da ita kuma na sa masa kulle mai hawa biyu, wato bayan ka rubuta kalmar sirri sai a turo wasu lambobi shida ta saƙo zuwa wayarka, idan ba ka shigar da su ba ƙofa ba za ta buɗe ba. A ranar, shafin ya ba ni wasu lambobin ajiya guda goma, ya ce in rubuta su a takarda saboda ranar da waya ba ta kusa. Na danna "daga baya". Shekara takwas ke nan, dagabayan bai zo ba.

Wajibi ne in faɗi yadda na riƙe amanar. Shekara biyar na hana ta magana a cikin mutane. A aljihu take kwana, a aljihu take wuni, murya a kashe. Idan Baba ya kira, sai in zagaya bayan ɗakin karatu in amsa, kada abokai su ga robar da ke ɗaure da ita. Da na tafi bautar ƙasa na sayi babbar waya mai gilashi da sabon layi, kuma wajen zaɓen lamba na sa mai sayarwa ya tono mini wadda ta ƙare da 16, kamar ta marigayiya, don kada in sha wahalar haddacewa. A shekarar Baba ya rasu. Bayan addu'ar bakwai na miƙa wa Inna 'Yar Tocila da layinta, ina jin kamar na sauke kaya. Na yi niyyar mayar da kullen imel ɗina kan sabuwar lamba. Na tuna niyyar sarai, har wurin da nake zaune lokacin da na yi ta. Da shekaru suka shuɗe, sai na ɗauki niyyar a matsayin aikin.

A hannun Inna marigayiya ta sami darajar da ban ba ta ba. An ɗinka mata jaka da guntun atamfa. Tana kwana a gefen matashi.

Kafin in kai ga ciwon ajali, akwai wata magana da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai abokina Siddiƙu, wanda nake kwana a ɗakinsa a Sakkwato. Ba ni da aiki. Ban taɓa samu ba. Wata sallah da na zo gida, wani dattijo ya tambaye ni a ƙofar masallaci, na ce masa mun fara zuwa wani ofis. Gaskiya ne ina zuwa, amma kai takardun neman aiki nake yi. Kafin magariba maganar ta shiga gidanmu ta fita, Inna ta yi sadakar ƙosai, ni kuma na yi shiru. Wata goma sha huɗu shirun nan yana girma. Abin da nake ci da shi a birni buga wa ɗalibai rubutun kammala karatu ne a kwamfutar aro. Duk Juma'a marigayiya takan kawo mini muryar Inna, kuma gaisuwar ba ta canzawa: "Auta, ya ohis? Manyan naka suna lahiya?" Mako biyu kafin rasuwar, na ji ba zan iya ƙara amsa tambayar nan ba. Na sa lambar mahaifiyata a jerin lambobin da aka toshe. Na ce wa kaina na 'yan kwanaki ne, kafin in sami abin faɗa.

Ciwon ya fara ranar Litinin da hantsi. Siddiƙu ya shigo ya ce wani kamfanin noman rani da zai yi aiki a ƙasan madatsar Goronyo ya tura wa waɗanda suka ci jarrabawar farko takardar gayyata ta imel, kuma duk wanda bai danna amincewa ba kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis, an cire sunansa. Dama ina cikin waɗanda suka rubuta jarrabawar, na kuma san na yi ƙoƙari. Abin da ya fara zuwa mini ba albashi ba ne. Tunanin da na yi shi ne, idan na sami aikin nan, ƙaryata ta zama gaskiya, ba wanda zai taɓa sanin akwai wata goma sha huɗu a tsakani.

Ranar Asabar ɗin da ta gabata mai gyara ya wanke mini babbar waya, wato ya share komai na cikinta, saboda tana daskarewa, don haka duk ƙofofina sun rufe. Na rubuta kalmar sirri, ta karɓu. Shafin ya ce an tura lambobi zuwa layin da ya ƙare da 16. Na ajiye waya a gabana ina jira. Ba abin da ya shigo.

Na danna "sake turowa". Na kashe waya na kunna. Na fita tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, na hau matakalar tankin ruwa. Na cire layi na goge shi da bakin riga na mayar. Na share tsofaffin saƙonni ko wuri ne ya cika. Na sa Siddiƙu ya turo mini saƙo don gwaji, ya shigo nan take, abin da ya kamata ya tsayar da ni in yi tunani, amma sai na ce ai saƙon kamfanonin waje ta wata hanya yake biyowa. Na leƙa jerin lambobin da na toshe, ko mai turo saƙon ya faɗa ciki bisa kuskure. Lamba ɗaya ce a jerin. Na dube ta, ta ƙare da 16, na rufe shafin da sauri kamar wanda ya buɗe ɗakin da ba nasa ba.

Tun daga wannan lokacin kokwanto ya zauna mini. Anya na sauya lambar nan kuwa? Hanyar sani ɗaya ce, kuma minti ɗaya za ta ɗauka: in cire toshiyar, in kira Inna, in ce ko wani saƙo ya shigo. Amma idan na kira za ta ce ya ofis, za ta kuma tambayi dalilin da kiranta ba ya shiga. Sai na zaɓi duk wata hanya da ba wannan ba. Ranar Talata na tafi ofishin kamfanin layi na bi dogon layi, na ɗaga wa wata ma'aikaciya murya a kan laifin da ba nata ba. Ta duba ta ce layina lafiya lau yake. Ina neman afuwarta idan wannan takarda ta kai gare ta. Na je shagon intanet na gwada a kwamfuta. Na gyara agogon waya. Da shafin ya ba ni zaɓin a kira ni a karanta mini lambobin da murya, na danna shi ma, har sau huɗu. A kwana uku na nemi saƙo ashirin da uku.

Duka sun isa. Ko ɗaya bai ɓata a hanya ba. Marigayiya ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin Inna, tana cewa tit-tit, kamar yadda aka halicce ta ta yi.

Abin da ya faru a Wurno daga bakin Inna na ji shi, da bakin maƙwabciyarmu Gwaggo Adawiyya. Inna ba ta iya karatun boko ba. Da saƙo na uku ya shigo ta kai wa Gwaggo, wadda ta bar firamare shekara talatin da suka wuce. Gwaggo ta daɗe tana kallo.

"Lamba ta, Kulu, guda shidda. Sauran Turanci na. Amma wanga na ƙarshe na gane shi. An ce kak ki nuna ma kowa."

"Wa yac ce?"

"Ba a sa suna ba."

A duniyar Inna mutum ɗaya ne ke rubuta Turanci, kuma layin nasa ne tun asali. Ta sa aka kira ni. Kira bai shiga ba. Aka sake, bai shiga ba. Duk wanda ke zaune a gabashin Sakkwato a shekarun nan ya san irin mutanen da ke kira su faɗi adadi su ce kada a gaya wa kowa. Ba sai na bayyana abin da Inna ta fahimta ba. Ta sa Gwaggo ta rantse ba za ta buɗe baki ba, ta hana a sanar da yayyena, don kada a saɓa umarnin a taɓa lafiyata. Lambobin kuma kowane saƙo da nasa, wani ya hau wani ya sauka, ita kuwa tana ganin masu riƙe da ni ne ba su daidaita ba.

Kwana uku ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Ba ta yarda a share saƙo ko ɗaya ba, har cikin marigayiya ya cika. Cajin da ke kwana shida ya ƙare a kwana biyu, saboda ba a barin fuskarta ta huta. Da ta yi tuuun ɗinta, Inna ta kai ta shagon Lawwali mai caji, amma ta ƙi barin ta. Ta zauna a ƙasa bakin shagon, dattijuwa mai shekara sittin da biyu, tana tsaron waya kamar mai jinya a asibiti. Lawwali ya kawo mata benci ta ƙi, ya tambaye ta ko lafiya ta ce lafiya.

Ranar Laraba bayan azahar na danna kiran murya na huɗu. A lokacin ina zaune a shagon intanet ina shan ruwan sanyi. A Wurno marigayiya ta ce tirrin-tirrin, Inna ta ɗauka, muryar wata mace ta na'ura ta fara jero lambobi da Turanci. Gwaggo tana wurin, ita ta maimaita mini abin da Inna ta ce.

"Baiwar Allah, ke ma halan kin haihu. Ki ba shi in ji muryatai, ko sau guda. Abin da kunka ce dut za a yi."

Muryar ta sake jero lambobin, ta katse.

Nan Inna ta yanke shawarar karya umarnin. Ta ɗauki mayafi ta nufi fadama wurin Malam Mainasara, tsohon shugaban makarantar firamarenmu kuma aminin Baba, wanda tun da ya yi ritaya yake wuni a gonar albasarsa. Kafin gonar akwai magudanar ruwa da ake tsallakawa ta kan katako. Ta hau da waya a hannu, ba a jaka ba, don kada kira ya shigo ba ta ji ba. A tsakiyar katakon marigayiya ta ce tit-tit. Saƙo na ashirin da uku ke nan. Inna ta duba, ƙafarta ta zame.

Maganar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiya ke nan.

Ruwan bai wuce ƙugu ba. Manoman da suka rugo sun tarar Inna ba fita take ƙoƙarin yi ba, laluben ƙasan ruwa take da hannu biyu. Wani mai suna Yusha'u ne ya tsamo wayar daga cikin laka. Aka fito da Inna da targaɗe a idon sawu, aka zaunar da ita a kan kunyar gona, a nan ta gaya wa Malam Mainasara komai. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ciro tasa wayar ya kira lambata. Tasa ba ta cikin jerin, don haka ta shiga a bugu ɗaya.

"Zulkifilu? Kai na?"

"Ni ne, Malam. Barka da yamma."

"Ina kake?"

"Ina Sakkwato, Malam, wajen aiki."

"Ba wanda yar riƙe ka?"

"Riƙewa kamar yaya, Malam?"

Sai na ji wani kuka daga bayansa, na kuma gane muryar.

"To ka aje aikin," in ji Malam, "ka biɗo mota yanzu. In ka iso ka hwaɗa min ko a jami'a anka koya maka wanga."

Na iso kafin magariba. Inna tana kwance an ɗaure mata ƙafa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama hannuwana ta jujjuya, ta shafa bayana, tana neman inda aka buge ni. Na ce mata ba wanda ya kama ni, na'ura ce ke turo lambobin, kuskure ne. Rabin gaskiya na ba ta, na riƙe rabi, kuma ina roƙon a rubuta wannan ma a cikin laifuffukana: a daren da mahaifiyata ke kwance saboda ni, abin da na fara tambaya shi ne ina layin.

Layin ya tsira. Na sa shi a babbar wayata, na buɗe shafin, na danna. Sai ya ce an yi ƙoƙari da yawa a kan wannan akwati, an dakatar da turo lambobi, a sake gwadawa bayan kwana biyu. Ƙarfe huɗu na Alhamis ta same ni a zauren Baba, ina kallon agogo yana wucewa. Ranar Juma'a da yamma na sake dannawa. Lambobin suka shigo kafin in ɗauke yatsa. Na buɗe. Takardar gayyatar tana nan, da sunana cikakke, ba kuskuren harafi ko ɗaya.

Yayata Hassana, wadda ta zo daga Rabah jinya, ta leƙo ta kafaɗata.

"Digiri guda, Auta, ka kasa buɗe akwatin da kai kak kulle da hannunka. Da Baba ya sani da injin huɗa yas saya."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗago daga kan tabarma.

"Takardar mi ta, wadda anka sha wahala haka saboda ita?"

"Ta neman aiki ce, Inna."

"Wane aiki kaka biɗa, kai da ke da ohis?"

Akwai amsa a bakina, shiryayyiya, mai santsi: ƙarin girma ne, canjin wuri ne. Wata goma sha huɗu na ƙware a irinta. Na dubi ƙafarta da ke ɗaure, na haɗiye ta. Na ce babu ofis, ba a taɓa yi ba. Na faɗi ɗakin Siddiƙu da kwamfutar aro. Hassana ta tashi ta fita tsakar gida.

Inna ta gyara zama. Sannan ta ce, "To kirana hwa? Mi yas sa ba shi shiga?"

Na faɗa mata wannan ma.

"Miƙo min ruwa," in ji ta. Na miƙa, ta sha, ta ajiye kwanon a hankali. "Aiki na Allah na, Auta. Ubanka ya yi shekara ukku albasa na ruɓe mai, ba wanda yaz zage shi. Wanga ban riƙe ka da shi ba. Amma kwana ukku ina roƙon Allah Shi sa su tausaya su bar ka ka ɗauki waya. Ashe ba kowa wurin sai kai."

Ta juya fuska bango. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna, don ban ga na kai matsayin mai roƙo ba.

An yi wa marigayiya duk abin da ake yi. An kwance ta an shanya, an binne ta cikin kwanon shinkafa kwana biyu. Ranar Asabar Lawwali ya buɗe cikinta ya duba, ya ce laka ta kai inda ba a dawowa. "Wagga ta yi iyakar ƙoƙarinta," in ji shi. "Ban taɓa ganin wadda tak kai shekarunta a shagon ga ba."

Marigayiya ta rasu ta bar layi ɗaya, wanda yanzu yake zaune a jikin wata ƙaramar waya da Hassana ta kawo. Lambar Inna ba ta canza ba. Ta bar batir guda, da Lawwali ya ce har yanzu da sauran rai, an ba da shi sadaka ga wayar Gwaggo Adawiyya, wadda ta daɗe a mace don rashin batir. Ta bar caja mai lanƙwasasshen baki, da jakar atamfa, da robar ɗauri wadda ita ce ta uku a jerin robobin da suka yi mata hidima. Ta bar masu kiranta: Hassana a Rabah, ɗaya yayar tawa Bara'atu a Giyawa, Kawu Isma'ila a Goronyo. Ta kuma bar ni, wanda ba ya cikin magada.

Ban cancanci yi wa kowa nasiha ba, amma mai gawa akan bari ya yi magana. Duk wanda ya nemi lambobin nan sau biyu ba su zo ba, ya daina dannawa. Ba ɓata suke yi ba, wani wuri suke zuwa, kuma a wurin akwai mutum. Ya zauna ya tuna duk layin da ya taɓa riƙewa da wanda ya bar wa. Lambobin ajiya kuwa a rubuta su ranar da aka ba da su.

Game da jana'iza, na tambayi Malam Mainasara. Ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba a hana mutum ya tsaya ya ji kunya a gabansa ba. Don haka za a naɗe marigayiya a jakarta a binne ta gobe Talata bayan la'asar, a gindin rudun albasa na gonar Baba. Ni zan haƙa ramin. Inna ta ce ba za ta je ba, ƙafarta ba ta kai ba. Ba zaman makoki, ba a buƙatar abinci. Mai son yin ta'aziyya ya yi wa Inna, a gida ko ta lambarta. Ni kada a yi mini.

Saura magana ɗaya, ga iyayen da suka ba ni takardun 'ya'yansu in kai musu ofishinmu. Ambulan goma sha ɗaya ne, kuma duk suna nan yadda aka ba ni su, ban buɗe ko ɗaya ba. Jiya na je Sakkwato na kwaso su tare da kayana. Ba sai kowa ya zo karɓa ba. Na Wurno guda bakwai na mayar yau da safe, gida gida, kowanne na tsaya a zaure na yi bayani da bakina. Biyu na Rabah da biyu na Giyawa zan kai ranar Laraba, in Allah Ya yarda, da motar farko.

Mai sanarwa,
Zulkifilu Yusufu, Wurno.